Hatimin da Baffa Ya Rantse Ba Hatimi Ba Ne

Shekara huɗu ke nan, a wannan wata na Rajab, da rasuwar Baffana, ƙanin mahaifina wanda ya riƙe ni tun daga yaye. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na so in yi masa addu'ata a ɗaka in yi shiru kamar bara. To amma kwanan baya za mu suna Ƙiru, motarmu ta tsaya a Kwanar Dangora, sai na hangi wata tsohuwar takarda manne a saman ƙofar wani mai tireda, ta yi baƙi da hayaƙi. Tun daga nesa na gane rubutun Baffa ne. Na tambayi mai tiredar, ya rage murya ya ce hatimin kasuwa ne na wani babban malami. Tun ranar na kasa sukuni, don da Baffa na da rai, da sandarsa zai zaƙulo takardar nan.

Bari in faɗa muku ko mece ce. Baffa ya yi aikin malamin awon auduga a Tudun Wada zamanin En'e, a can ya goge da Turanci, a can kuma ya kwaso wannan jarabar. A bayan jaridar Turanci akwai wani zane mai gida-gida kamar gurabun dara, wasu farare wasu baƙaƙe, da tambayoyi a ƙarƙashi. In ka gano amsa sai ka zuba ta, kowane harafi da gidansa. Ni aji huɗu na yi, ban san abin da ake tambaya ba, amma ya sha yi mini bayani. Ya ce mai shirya abin ba ya tambaya kai tsaye. Wani lokaci ya wargaza haruffan kalma kamar an zubar da wake a tabarma, ya ce ka tsince. Wani lokaci ya tusa kalma a cikin wata, kamar yadda ake ɓoye wa ɗan lele nama a ƙarƙashin tuwo. Ya nuna maka gabas alhali amsar tana yamma.

Wani direban babbar mota ne ke kawo masa jaridun, a samu yau, a rasa har mako ya zagayo. Amsoshin kuwa a jaridar washegari ake bugawa, saboda haka da wuya Baffa ya ga ko ya yi daidai. Bai damu ba. Shi daɗinsa rigimar. Bai taɓa ganin mai shirya tambayoyin ba, amma ya raɗa masa suna Ɗan Ikko, kuma kullum bayan la'asar suna faɗa a zaure. Za ka ji yana ƙunƙuni da Turanci, yana ƙirga gidaje da bakin fensir, can sai ya daki cinya ya ce, "Ƙarya kake, Ɗan Ikko! Na kama ka!"

A tsohon garinmu kowa ya san halinsa, ba mai kulawa. Amma da ruwan madatsar Tiga ya ci garin aka haɗa mu da mutanen wasu ƙauyuka a sabon matsuguni, sai aka samu baƙin ido. Mutane a tsorace suke, ƙasa sabuwa, rijiya sabuwa, kowa na neman abin riƙewa. Ga tsoho da tabarau yana karanta wani yare, yana cika gidaje da haruffa, yana kama wani da ba a gani. Me kuke zato za su ce? Wani dillalin dabbobi, Tanko, ya tsinci guda daga cikin takardun a bakin zaure, ya naɗe ta a fata ya rataya wa sansa mai ciwon ciki. San ya tashi. Kafin wata ya mutu, ana aiko wa Baffa da kaji da ƙwaryar fura.

Ya yi rantsuwa har ya gaji. "Jama'a, ku ji tsoron Allah, wasa ne! Wannan kalmar da kuke gani sunan wani kifi ne na teku!" Sai su kalli juna su ce ka ji manya, ba ya son a sani. Da ya koma ƙona su in ya gama, aka ce asirin ya yi ƙarfi ne, har aka fara roƙon tokar.

Ni ma a lokacin ina da tawa damuwar. 'Yata ta fari, wadda kun san ba zan kama sunanta ba, ta haura shekara uku ba ta taɓa cewa uffan ba. Ƙanana da ita suna ta surutu, ita sai ido. Baffa ke kiranta Alƙaliya, wai tana jin ƙarar kowa ba ta yanke hukunci. Surukata, Inna, ta fara cewa a danginsu dai ba a taɓa yin bebe ba, a bincika wani wajen. Abincin kirki na daina ci. Ga shi ba dama in nuna, don yarinya ta damu da 'yar fari a gaban mutane abin kunya ne. Ko kallonta ba na yi sai na tabbata ba kowa. In ta faɗi, sai dai in ce, "Wani ya ɗauke 'yar mutane," zuciyata kuwa kamar ta fito.

Rannan na kai wa Baffa dambu, na durƙusa, na yi ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe na ce, "Baffa, da za a wanke mata ɗaya ta sha."

Ya zare tabarau ya dube ni. "Har da ke? Ke da na koya wa ABCD a kan tabarmar nan? Tawadar jarida ce, zawo za ta sa ta. Kuma wannan ban ma gama ta ba, kalma biyu sun gagare ni. So kike ta yi magana da giɓi?"

Na fashe da kuka. Bai lallashe ni ba. Ya bari sai da yarinyar ta juya baya tana wasa da takalminsa, ya ce can ƙasa-ƙasa, "Wa ke son alewa?" Ta waiwayo da sauri kamar an ja ta da igiya.

Ya ce, "Kin gani? Kunnenta ya fi naki. Addu'a muna yi, za mu ƙara. Amma gaya mini, a gidanku wa ke yi mata magana? Ke kunya ta hana ki. Ubanta ya zama masunci, yana kan ruwa. Kakarta kuwa, Allah ya ba ta haƙuri, in ta fara ba ta barin wa kowa fili. A bakin wa za ta tsinta? Ki riƙa turo mini ita bayan la'asar. Dama ina neman mai shaida tsakanina da Ɗan Ikko."

Haka aka yi, damina guda da kaka. Ya zaunar da ita kusa da shi, ya karanta mata tambaya da Turanci, ya fassara da Hausa, ya nemi shawararta. "Alƙaliya, kin ji abin da mutumin nan ya ce? Wai jirgi ne. Ke kin yarda jirgi yake nufi?" Ta zuba masa ido tana tsotsar alewa. Shi kuma ya gyaɗa kai ya ce, "Nima haka na gani." Kullum in ta dawo ina laɓe ina jira in ji wani abu. Shiru.

Ciwonsa bai daɗe ba. Ya tafi bai ji muryarta ba, wannan kam har yau yana ci mini rai.

Ranar sadakar arba'in maza suka cika zauren, mu mata muna daga ciki muna miƙa gumba da waina. Yarinyar ta sulale ta je ta zauna a gurbinta na kullum, da wani yagen jarida da aka ƙunso ƙosai a ciki. Ina bakin ƙofa ina leƙe. Bayan an shafa fatiha, Tanko ya gyara murya ya fara ba da labarin sansa. Wannan karon san har ya kusa mutuwa, an kawo wuƙa, marigayi ya ba shi hatimi da hannunsa, ya ce kada ya gaya wa kowa sai bayan ransa. Ana ta jinjina kai a zaure. Sai wata 'yar murya ta tashi, tas, ba gargada:

"Ƙarya kake! Na kama ka!"

Har da dukan cinya. Ni dai na san jaridar take kallo, amma wa zai tsaya bincike? Liman ya tura fuska cikin rawani, kafaɗunsa na rawa. Tanko ya tashi neman takalmi. Inna ta rangaɗa guɗa a gidan makoki, ta ce dama a danginsu ba a jure ƙarya. Ni kuwa na saki kwanon gumba, na ratsa maza na sungumi 'yata a gaban kowa, kunya ta nemi wani gidan.

Sai dai kaico, Baffa. Abin da ka yi ta gudu shi ya faru. Aka ce ga shaida, hatimin ya buɗe bakin bebiya. Kafin in farga an wawashe ragowar jaridun da bai ƙona ba a ƙarƙashin gadonsa. Yau ina jin akwai su har Doguwa, a wuyan yara da goshin kwalekwale da bakin rumbu. Da zai dawo ya ga sunan kifin teku na gadin tireda, ban san ko dariya zai yi ko kuka ba. Shi ya sa na rubuto. Duk mai ita ya sani, wasa ne, mai shi ya faɗa da bakinsa. In ɗanka ya yi nauyin baki, ka kai a duba kunnensa, ka yi addu'a, sannan ka zauna ka yi ta yi masa hira ko da ba ya amsawa.

Bai bar gona ba, ruwa ya cinye. Gidan ma wani ke ciki. Abin da ya bari shi ne Alƙaliya, tana aji biyu yanzu, kuma damuwata ta juye: malaminsu ya aiko cewa a roƙe ta ta riƙa barin sa ya ƙarasa magana. Jiya zazzaɓi ya kama ta, hankalina ya tashi kamar kullum, na jiƙa mata magani na ce ta shanye, ba ɗaci, zaƙi ne da shi. Ta leƙa kofin, ta dube ni ta saman ido kamar mai tabarau, ta ce mini, yadda 'yar fari ke kiran uwa, "Yaya, ƙarya kike. Na kama ki."

Na ɗaga hannu zan make bakin. Sai na sauke. Na ce Allah ya kai haske kabarinka, Baffa, sannan na toshe mata hanci na ɗura mata.