Gishirin Da Na Sa A Wasiƙun Ɗan Inna

A shekarun da kuɗin fetur suka fara ruɗa ƙasar nan, ni matashi ne a Fagge ta Kano, na gama firamare, na kafa ɗan tebur kusa da gidan waya ina rubuta wa mutane wasiƙa, ina kuma karanta musu wadda aka aiko. Allah ya yi ni da kai mai saƙa labari. Layi biyu za a rubuto, in mayar da su goma, mai wasiƙa ya tafi yana murmushi. Abokaina suna tsokanata cewa ko takardar haraji aka ba ni sai na sa mata gishiri, ni kuwa ina jin daɗin kirarin.

Cikin masu zuwa wurina akwai wata dattijuwa mai sayar da waina a unguwar Kwaciri, Inna nake ce mata. Ɗanta tilo ya bi jirgin ƙasa zuwa Ikko neman aiki. Wasiƙunsa gajeru ne, gaisuwa ce kawai da cewa yana dakon siminti a bakin teku. Na ga dako bai dace da uwar da ta zuba wa bakina ido ba, sai na mayar da shi mai kula da sito. Wata na zagayowa na ba shi babur, daga baya na kama masa ɗaki mai fanka. Ban taɓa ganin teku ba, amma na siffanta mata shi har ta ce kamar tana jin iskarsa. Sannu a hankali ni ma na yarda da mutumin da na ƙera, ina ganinsa a raina cikin farar riga.

Ran nan wasiƙa ta zo da rubutun wani daban. An ce ƙurar siminti ta kama masa ƙirji, yana tarin jini, yana roƙon a turo wani ya ɗauko shi ya ga mahaifiyarsa. Inna na zaune gabana, ta ma kawo mini waina da zafinta. Na dubi takardar, na dubi fuskarta, na kasa rushe ginin shekara biyu. Na ce mura ce ta ɗan taɓa shi, kuma zai zo da babbar salla. A raina na riga na warkar da shi, har na hango saukarsa a tasha, na riƙe wannan hasashe kamar da idona na gani. Ta tambaye ni ko ƙaninta ya je ya dubo shi, na ce kada a wahalar da kowa.

Bayan sati shida wani ɗan kasuwa Ibo daga Sabon Gari, mai zuwa Ikko saro kayan mota, ya nemo gidan su Inna da 'yar jakar ɗanta. Ya ce a ɗakin da suke kwana su takwas yaron ya cika, kullum yana tambaya ko an zo daga Kano. Inna ta sa aka kira ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce in sake karanta mata wasiƙun duka yadda ɗanta ya faɗe su, domin tana so ta san wanda take wa makoki. Na karanta, ko minti biyar ba su kai ba.

Tun ranar na naɗe teburina. Yau na tsufa, na yi istigfari iya yina, amma zuciyata ba ta taɓa yin sanyi ba, ga shi Inna ta rasu ban samu bakin neman gafararta ba. Na gane tunani baiwa ce, da shi ake ƙira da zane da waƙa, amma in ka sakar masa linzami a kan rayuwar wani, kai zai fara kayarwa. Jama'a, duk wanda aka ba amanar saƙo ya isar da shi yadda yake, komai ɗacinsa. Na guje wa sa uwa kukan yini ɗaya, na hana ta ganin ɗanta da rai.