Mayafin Da Ba A Ganin Fuska

Ni tun ina yarinya ba ni da saurin hawaye. Abin bai taɓa damuna ba sai da aka sa ranar aurena a garin Tamanrasset, can cikin hamada, da wani magini ɗan Maradi wanda ni da kaina na ce shi nake so. A unguwarmu ta 'yan Damagaram, amaryar da ta fita gidan ubanta ido a bushe ta jawo wa uwarta magana. Za a ce ba ta da kunya, ko a ce dama a ƙage take ta bar gidan. Ni kuwa ko sunan angon aka ambata sai bakina ya ƙi rufuwa.

Na gwada tuna mutuwar kakata, na gwada tuna akuyarmu da ta ɓace a hanyar garin Silet. Ko ɗigo.

Ranar sayen mayafin lulluɓi muka tafi kasuwa da gwaggona, ƙanwar Baba, da ƙawata guda. Lokacin ana yayin wani fari shara-shara da ake kawowa daga birnin Aljer, mai ƙyalli a baki. Balaraben mai kanti ya shimfiɗa shi, ƙawata ta rikice. Na ɗora a kaina, na ga har haƙorana ana gani. Na yi maza na cire shi.

Na nuna wani mai kauri, shuɗi mai duhu, irin na tsofaffin Buzaye.

"Ke, wannan ai bargo ne!" in ji ƙawata. "Takaba za ki yi?"

Na ce sanyin da ke saukowa daga duwatsun Hoggar nake tsoro. Gwaggo ta dube ni, ta dubi ranar da ke ƙona mu, ta ce wa mai kanti, "Naɗe mata shi. Ita za ta sa."

Ranar kai amarya, bayan la'asar, aka lulluɓe ni har ƙirji. Zufa kamar a tukunya, amma hankalina kwance. Mata suka fara guɗa, dariyar murna ta taso mini, na danne, kafaɗuna suka yi ta rawa.

"Allah sarki, yarinyar kirki," na ji wata tsohuwa ta ce. "Ji yadda take sheshsheƙa."

A bakin zaure aka tsayar da ni gaban Inna, mahaifiyata, ta yi mini sallama. Ban yi zaton za ta ɗaga mayafin ba. Ta ɗaga kaɗan, ta leƙo. Ga ni ido ƙamas, baki har kunne. Na ce shi ke nan, na kunyata ta.

Idonta ya yi jawur, ashe ita kuka take yi da gaske. Ta daɗe tana kallona, na ga fuskarta ta saki, ta yi ajiyar zuciya. Ta mayar da mayafin, ta gyara shi sosai, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Haba ɗiyata, kukan ya isa haka. Ku tafi da ita."