Mutumin da Ya Zo Ɗibar Iska

Shekarar da soja suka miƙa mulki, kowa a Makera yana ta murna, an ce yanzu komai zai gyaru. Ni abin da ya dame ni kan Inna ne. Ƙosai take toyawa a bakin mararraba, inda tankokin mai ke jeruwa suna tuƙa hayaƙi, 'yan acaɓa kuma suna ƙara nasu. Kullum kafin azahar sai ciwon kai ya sauko mata, da jiri, da tashin zuciya. Maƙwabta suka yanke hukunci: iska ce. An yi rubutu, an yi turare, an yi tofi, duk a banza. A lokacin ina aure a Unguwar Sanusi, nakan leƙo ta in koma gida da baƙin ciki.

Wata safiya ina wurinta sai ga wani mutum daga jami'a, ɗan kudancin Kaduna, da wasu tuluna na ƙarfe a bayan mota. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Mama, iska na zo ɗiba a nan, in kin yarda."

Inna ta ajiye matsami, fuskarta ta washe. "Alhamdulillahi! Ɗana, wa ya gaya maka? A kaina take, ta hana ni sakat."

Dariya ta kusa kashe ni, shi kuwa bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa. "A'a Mama, ba irin wannan ba. Wadda muke shaƙa. Sampul ne za mu kai a gwada." Ya buɗe bakin tulu, ya yi tsaye, ya rufe, ya tafi da abin da ba wanda ya gani.

Bayan damina ya dawo, kuma don ita ya tsaya. Ya ce akwai guba a hayaƙin injin, ba ta da launi, ba ta da wari, jini take shiga ta hana shi aikinsa. A cikin wuraren da ya auna, nata yana cikin mafi muni. Na tambaye shi wa zai gyara. Ya ce za su rubuta wa gwamnati. Yadda ya kawar da kai ya ishe ni amsa.

Na matsa wa Inna ta koma da kaskonta ƙofar gida, can cikin lungu. Kan ya yi sauƙi, wallahi ya yi. Amma masu sayen ƙosai direbobi ne da 'yan acaɓa, ba mai shiga lungu ya neme ta. Ƙosai ya riƙa kwana, ga ƙannena uku da abincinsu ke fitowa daga kaskon nan.

Ranar da ta mai da murhunta mararraba na yi faɗa, na yi kuka, har na ce kashe kanta za ta yi. Ta bar ni na gama, tana hura wuta.

"Da aljani ne, ina da wurin kai ƙara," in ji ta. "Wannan fa, ki gaya mini gidan wa zan je."