Farantin tsakiyar silin

Ɗakin da aka kai ni aure a Samaru soro ne, na ƙasa da azara. A tsakiyar rufin, inda bakan gizon ginin da ke tallafe da shi suka haɗu, akwai faranti mai jan fure. Magini ya danna shi tun ƙasar tana ɗanya, ya bi gewayensa da yatsu, ya ja layi layi kamar kunyar gero. A ƙarƙashinsa na haihu, a ƙarƙashinsa na yi takaba. Da damina ta ci soron aka ce a rushe, farantin kaɗai na ce a ciro mini.

Ana nan, ɗana na fari ya gina gida a Palladan, ya ware mini ɗaki. Ya ɗauko mai aikin silin daga Sabon Gari, wani Kirista mutumin kudancin Kaduna, mai yawan raha. Mai aikin ya zo mini da hotuna a waya.

"Mama, ki zaɓa. Ga mai taurari, ga mai igiyar ruwa, ga wanda ake dangwalawa da soso. Shi ake yayi."

"Kai wanne ne a ɗakinka?"

"Ni kwanon rufi nake kallo, Mama. Shi ma yoyo yake yi."

Na ce ya ja mini layi irin na kunyar gero. Ya ce yatsunsa ba za su jure siminti ba, amma yana da matajin roba. Na ce to.

Saura faranti. So nake in kwanta in ga furen nan a bisa kaina, kamar da. Amma mu ba ma kiran sunan ɗan fari, balle mu zaunar da shi mu yi masa bayani. Sai na ƙulle farantin a ɗankwali na ba matarsa, na ce, "A ce wa mai gidan nan a sa wannan a tsakiya." Ita ta gaya masa, shi ya gaya wa mai aiki ta waya daga ofis. Magana ta bi baki baki, ta isa a taƙaice.

Ranar da aka shigar da ni, na ɗaga kai. Layukan sun fita tsaf. Faranti na tsakiya daram, amma ya sha farin fenti, shi da silin duk ɗaya.

Ɗan nawa ya tsaya a bakin ƙofa. "Inna, ya yi?"

Na dubi matarsa. "A ce masa Allah ya yi albarka."

Washegari mai aikin ya dawo ɗaukar tsaninsa, ya tarar da ni ina kallon sama.

"Mama, kowa ya yaba, ke ba ki ce komai ba."

"Akwai fure a ƙarƙashin fentin nan."

"Ai na gan shi. Na zaci tsufansa ake so a rufe."

"Ni ma na tsufa. Ka ga an shafa mini?"

Ya yi dariya, ya kafa tsanin, ya hau da tsumma da ɗan fetur a kwalba. Ya daɗe yana gogawa, ɗakin duk wari. Jan ya fito, sai dai ya koɗe, kuma farin ya maƙale a baki, inda farantin ya taɓa lotsewa. Zai ci gaba, na ce ya isa, ya sauko.

Yanzu idona ba ya rarrabe layukan. Amma in na kishingiɗa bayan azahar, jan nan ina ganinsa.