Tagar da Injiniya Ya Toshe

Sai da na haura arba'in na iya rubuta sunana, a ajin yaƙi da jahilci na unguwar Ajiya. Daga nan na faɗa koyon kwamfuta, ana mini dariya, ban fasa ba. Shi ya sa lokacin da 'yan gudun hijira suka cika Jimeta wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin rajistar mata. Wadda na'ura ta karɓa ta samu kati, mai kati ta samu masara da mai.

Injiniyan da ya haɗa manhajar bai gama gwaji ba, sai ya dasa tagar masu gyara, irin ta manhajar shiga intanet, a ƙasan tagar aikinmu. A sama ina cike suna, a ƙasa na'ura tana rubuta abin da take yi. In ta ƙi mutum, jan layi ya fito da dalili. Sauran ma'aikata ko kallon wurin ba sa yi. Ni da na sha wuya kafin na iya karatu, ba rubutun da nake tsallakewa.

Wata dattijuwa ta zo sau uku ana korarta. A sama "an ƙi" kawai ake gani. A ƙasa na haɗa Turancin baƙi-baƙi: wai an riga an yi mata rajista. Na bincika. Sunanta kowane gida akwai irinsa. Wadda ba ta san ranar haihuwarta ba, ɗaya ga Janairu muke sa mata. Sunan miji kuwa ta ce Malam. Ashe wata takwararta, ita ma matar Malam, ta riga ta.

Na ce, "Goggo, sunan maigidan na yanka nake so."

Ta ja mayafi. "'Yar nan, shekara arba'in ban faɗa ba yana raye. Sai yanzu da aka kashe shi?"

Na nuna wa injiniya jan layin, na ce ya ƙara gurbin sunan ƙauye, magana ta ƙare.

Ya ce, "Madam, wa ya sa ki karanta wannan? Ba naki ba ne."

Na ce, "Oga, a gabana ka ajiye shi."

Ya kwashe da dariya. "To, yaƙi da jahilci ya fara yaye injiniyoyi!"

Washegari na kunna kwamfuta, taga ta ɓace. Gyaran da ya yi ke nan, gurbin ƙauye babu. Duk wadda aka ƙi bayan nan, har yau ban san laifinta ba.

Goggo ta dawo karo na huɗu, jikokinta kwana biyu sai kunu. Ni da bakina na ce, "Ki raɗa mini a kunne, ba mai ji."

Ta sunkuyo ta faɗa. Na buga, kati ya fito. Ta ƙulle shi a bakin zane ta tashi. Na ce ta sauka lafiya, ta wuce ko waiwaye babu.