Jinin Dangin Uwa

A shekarar da ɗana na fari ya isa kaciya, ni kaɗai ce a unguwarmu ba na murnar shigowar sanyi. A ƙauyukanmu na bakin kanal ɗin noman rani, tsakanin Kura da Bunkure, kowa ɗari yake jira: tumatir ya yi kyau, alkama ta miƙe, kuma a lokacin ake yi wa yara kaciya. Ni kuwa ko sunan wanzami ba na son a ambata.

Ina da dalili. Ƙannena maza biyu a kan kaciya suka rasu ina yarinya, jini ya ƙi tsayawa. Wasu suka ce maita, wasu suka ce kwana ne ya ƙare. Ɗana kuma tun yana rarrafe gwiwoyinsa ke kumbura, ranar da ya yi famfara sai da jini ya jiƙa mini zani.

Na faɗa wa uwar mijina. Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Ke dai tsoro gare ki kamar farar kura. Jini ai na uba ne. Daga kakansa har ubansa, wa aska ta taɓa kayarwa a gidan nan?" Wanzamin ma, dattijo mai hankali, ya yi tambaya kafin ya sa rana, amma dangin uban kawai ya bi ɗaya bayan ɗaya. Nawa dangin ba wanda ya waiwaya, sai ka ce a kasuwa aka tsinto ni.

Da na ga abin na neman fin ƙarfina, sai na kai wa maigida abinci gona da kaina. Na tarar da shi yana sako wa tumatir ruwa, laka har gwiwa. Na ce, "Malam, in za a sa wa yaron nan aska a gida, a haƙa kabari biyu, nasa da nawa." Washegari muka hau mota zuwa birni.

Likitar da ta duba shi mace ce. Ta saurare mu, sannan ta juyo ta ce, "Ke fa, a gidanku an taɓa samun namijin da jininsa ya ƙi tsayawa?" Wallahi kuka ne ya ƙwace mini. Bayan gwaji ta ce ciwon sunansa himofiliya, ba kasafai ake ganinsa ba. Jinin ne ba shi da sinadarin da ke sa ya daskare. Mata ke ɗauke da shi ba su sani ba, a jikin 'ya'yansu maza yake bayyana. Akwai allura, amma daga waje ake kawo ta, sai mun jira. Ta kuma roƙi matan danginmu su ba da jini kaɗan, don masu binciken magani su san inda ciwon yake da yadda yake bin gida.

Jiran ya yi tsawo. Aka yi wa sa'anninsa kaciya, suka warke, suka dinga tsokanarsa a makarantar allo. Na sha haɗiye takaici. Lokacin salula ba ta yawaita ba, a wayar mai sayar da taki aka aiko mana cewa allura ta iso. Aka yi masa allurar, sannan aka yi kaciyar a asibiti, na zauna na zuba wa bandejin ido ina jiran ya rine. Bai rine ba.

Da wanzamin ya zo barka, maigida ya kwashe bayanin likita ya faɗa masa. Ya jinjina kai ya tafi. Tun daga nan, duk gidan da ya shiga sai ya sa a tambayo masa matar gida labarin 'yan'uwanta maza. Har wata Kirista mai shago a Kadawa ta nemo ni a kan ɗanta, muka tafi birni tare.

Saura maganar ba da jini. 'Yan'uwana mata suka noƙe, wai a ɗebi jininsu a kai ina? Na gaji da lallashi, na je wurin mahaifiyarmu ina fargabar tono mata tsohon miki. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Ashe ba cinye mini su aka yi ba?" Sai ta ɗauki mayafinta.

A asibiti ɗana ne ya riƙe mata hannu, yana takawa garau. Ta miƙa wa likita ɗayan hannun ta ce, "Ɗebi, 'yar nan, ɗebi yadda zai ishe ku. Na 'ya'yana a ƙasa ya zuba, bai amfani kowa ba."