Inna Kumfa da Iskar Balan-balan

Inna Kumfa ake ce mata, don tun tana budurwa sabulu take haɗawa. Soda ta cinye mata bayan hannu har ya yi dabbare-dabbare, shi ya sa ba ta wasa da ita. A bokitin roba mai murfi take ajiye ta, can saman kanta.

Sai ƙanin mijinta ya dawo gidan da zama, da sabuwar sana'a. Ya samo tsohuwar tukunyar gas yana zuba mata gutsattsarin alminiyam da ruwa da soda, abin ya yi ta tafasa yana fitar da wata iska marar launi, marar wari. Haidirojin, in ji shi. Ita yake ɗura wa balan-balan su tashi sama, saboda ta fi iskar da ake shaƙa rashin nauyi. Sodar kuwa ta Inna ce, yana ɗiba in ta tafi kasuwa.

Ranar da ta taɓa tukunyar ta ji zafi ya ƙona mata tafin hannu, ta tare shi a tsakar gida.

"Ka fitar min da wannan abin. Ga murhuna, ga 'ya'yana."

"Haba matar yaya, iska ce fa," ya ce yana dariya.

Mijinta ya ce ta ƙyale shi, na kansa yake nema.

Wata safiya tana juya sabulu, iska ta kaɗo tarin balan-balan da ya ɗaure a igiyar shanya, suka rusuno kan murhu. Ƙara ɗaya aka ji. Wuta ta lashe wa autarta, da ke tsugune tana wanke kwanuka, gashi da gefen fuska.

A asibiti dangi suka cika baranda, kowa na cewa tsautsayi ne.

"Tsautsayi ne ya buɗe min bokiti?" ta tambayi surukarta, idonta a bushe. "Na faɗa, ɗanku ya yi dariya, ɗayan kuma ya ce in yi shiru. Kada wanda ya sake ba ni haƙuri."

Da ta dawo gida, da ƙafa ta gangara tukunyar har bakin titi, ta bi ta da katifar mai ita. Mijin ya buɗe baki, ta dube shi, ya rufe.

Yarinyar ta warke, amma girar hagu ba ta sake fitowa ba. Ƙanin mijin ya koma sayar da takalma. Har yau in ya gaishe ta, Inna ba ta ɗago kai daga kan sabulunta.